Taimako dan Allah: bilankina na Lowry yana yin shuɗi tun furotin bai shiga ba

Sadiq_IdiAraba:
Slm jama'a. Dan Allah masu aikin lab da ke zauren nan ku kawo ɗauki, kaina ya ɗaure. Ina furojet ɗin digiri na biyu a nan Legas kan sankarar mama, abin da nake aunawa shi ne risefta (furotin ɗin cikin ƙwaya da homon ke kamawa) na estrojin wato ER da na furojestaron wato PR a cikin tsokar ƙarin da aka ciro aka daskarar a firiza. Muna niƙa tsokar cikin bafa mai sanyi (ruwan haɗin sinadarai da ke hana tsamin samfur canzawa), mu juya a santirifuj, mu kwashi ruwan sama mu auna risefta ɗin da kit na ELISA (gwajin da antibodi ke kamo abin da ake nema), sai kuma mu auna jimillar furotin ɗin da ke cikin ruwan a raba, sakamako ya fito a kan kowane miligiram na furotin. To wajen auna furotin ɗin nan ne gizo ke saƙa.

Hanyar auna furotin ta Lowry nake bi saboda kayansa ne ke sito a sashenmu. Bafar niƙan kuma daga wata tsohuwar takardar bincike na kwafo ta, akwai Tris, EDTA, DTT, gilisarol kashi 10 da molibdet. Sitanda, wato furotin ɗin da na san adadinsa nake gwada samfura da shi, BSA ne (furotin na jinin shanu) na narka a ruwan distil, layin da na zana na launi a kan adadin furotin ya miƙe sak ba laifi. Amma da na zuba bafar ita kaɗai a tub, ba tsoka ba komai, wato bilanki, ina ɗiga Folin, sinadarin da ke fitar da launi a Lowry, sai ga shuɗi ya tashi har ya fi na ƙananan sitanda ɗina duhu. Furotin ɗin samfura kuma yana fitowa da yawa fiye da hankali, ER ɗin kowa ya zube ƙasa. Wani abokin aikina ya ce kawai in cire lambar bilanki daga ta kowane samfur shikenan an wuce wajen. Haka ne? Ko Folin ɗin ne ya mutu? Sufabaizana ya yi tafiya, tsokar kuma ba yawa gare ta ba bare in yi ta gwaji da ita.

Kabiru_Mile12:
Wslm. Duba kalar Folin din naka, in har yanzu ruwan dorawa ne tas to lafiyarsa kalau, sai ya fara komawa kore kore ake zubarwa. Ni dai zargina na kan DTT din nan. Bari Baba Sule ya hau, wannan fagensa ne, yanzu haka yana masallaci

Sadiq_IdiAraba:
Ruwan ɗorawa ne tas wlh, yanzu na sake dubawa.

BabaSule_Agege:
Wa'alaikumus salam ɗana Sadiq. Kar ka zubar da Folin ɗinka, aikinsa yake yi. Ruwa ba ya tsami banza, abin da ka zuba masa ne.

Hanyar nan da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka fitar a 1951 hawa biyu ce. Da fari jan ƙarfen da ke cikin riyejen ya kama jikin furotin a cikin alkali, sannan Folin ya shigo, jan ƙarfen da furotin ɗin su miƙa masa ilektaron, musamman ta wajen tairosin da tiriftofan, ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma shuɗi, ka karanta a na'urar auna haske a nanomita 750. To shi Folin bai san wani furotin ba, duk wanda ya miƙo masa ilektaron zai yi masa shuɗi. DTT kuwa sana'arsa ke nan, don ita ma aka sa shi a bafar, ya tsare risefta kar oksijin ya ɓata shi. Monotayogilisarol da makaftoetanol ma duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Shawarar abokinka rabin gaskiya ce. Da a ce launi kawai bafar ke ƙarawa, da cirewa ta wadatar. Amma EDTA riƙe jan ƙarfen yake ya hana shi isa ga furotin, wato shi rage launi yake. Tris kuma baki biyu gare shi, ya ba da ɗan launi a bilanki, ya kuma rage wanda furotin ke bayarwa. Gilisarol ma ba ya rasa taɓawa. Wani na ja sama wani na ja ƙasa, don haka ba mafarin layin kaɗai ya matsa ba, gangarensa ma ya canza. Layin da ka zana da BSA cikin ruwan distil ba na samfuranka ba ne sam, ko da ya fi sanda miƙewa.

Bari in gaya maka abin da ya sa muke jin tsoron wannan lamba. Zamanin da aka tura mu kwas Ingila ba a duba ER a madubin likita kamar yanzu. Tsoka ake daskararwa a niƙa ta zama gari, a haɗa ruwanta da estiradayol mai tiritiyom (homon estrojin mai alamar da na'ura ke iya ƙirgawa) a bari ya kwana a sanyin digiri 4, da safe a zuba gawayi mai rufin dekstiran ya tsotse homon ɗin da bai kama komai ba, a juya, a ƙirga abin da ya rage a na'ura. Sakamako femtomol (ƙanƙanin ma'aunin yawan risefta) a kan miligiram na furotin, yawancin lab kuma 10 ce iyaka, daga nan zuwa sama mace ER ɗinta fozitib ne a ba ta tamoksifen, maganin haɗiya mai toshe estrojin. Yanzu yi lissafi da ni. Ka ce risefta 24 ne a kowane mil, furotin na gaskiya miligiram 2, ka samu 12, za a ba ta magani. DTT ya kumbura furotin ɗin ya koma 3, ka samu 8, an ce negetib. Risefta ɗin bai motsa ba ko kaɗan, ka auna shi daidai, mudun da ka raba da shi ne aka bubbuge wa gindi. Kuma ba wasa ba ne, babban nazarin da masanan Oxford suka fitar a 2011 ya nuna hatta matan da ke tsakanin 10 da 19 sun amfana da tamoksifen sosai, waɗanda ke ƙasa da 10 kuwa ba a ga wani amfani ba. Shi ya sa ƙungiyar binciken sankara ta Turai EORTC ta riƙa raba wa lab-lab samfur iri ɗaya a ga wa zai kauce, ta kuma matsa a daidaita bafa da hanyar auna furotin.

Abin yi gobe, kuma ba sai ka taɓa tsokarka ba. Narka BSA ɗinka a cikin bafar niƙan, ita kanta wadda ka niƙa da ita, ba sabuwa da za ka haɗa da safe ba, don DTT yana mutuwa a hankali in ya zauna cikin ruwa, bafar jiya da ta yau ba su ba da shuɗi ɗaya. Bilanki ma ita. Sannan ka sirka komai daidai wa daida, in samfur ɗaya cikin goma ne to sitanda ma bafar da ke cikinsa ta zama ɗaya cikin goma. Sirkawa kanta magani ce, tana rage ƙarfin masu kutsen. Ka zana layi biyu, na ruwa da na bafa a takarda ɗaya, idonka zai gaya maka sauran.

Abba_Obalende:
Baba Allah ya kara lafiya amma gsky wa ke Lowry a wannan zamanin, aikin awa guda da hada riyejen kala kala. Sadiq ka nemi kit na BCA kawai, wata hanyar auna furotin ce, ka hada A da B ka sa a digiri 37 minti 30 ka karanta a 562, an gama. Mu shi muke amfani da shi ba mu taba samun matsala ba

Hauwa_Biochem:
Malam Abba ai wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. BCA ɗin da Smith da mutanensa suka fitar a 1985 shi ma a kan jan ƙarfe ya tsaya, furotin ya sauya jan ƙarfen sannan BCA ya kama shi ya ba da shunayya. DTT zai yi wannan aikin da kansa ba sai furotin ya zo ba, EDTA kuma in ya yi yawa ya sace jan ƙarfen. Ku ba ku samun matsala ne saboda na tabbata bafar RIPA mai ditajen kuke fasa ƙwayoyinku da ita, BCA kuwa yana jure ditajen sosai, nan ne ƙarfinsa. Bafar Sadiq ba ditajen a cikinta, DTT ne.

Sadiq ni a ganina Bradford ne naka. Marion Bradford 1976, rini ne kawai, Coomassie G-250, ba ruwansa da jan ƙarfe ba ruwansa da ilektaron, manne wa furotin yake musamman wajen ajinin, ya tashi daga ja-ja mai ƙasa-ƙasa ya koma shuɗi, minti biyar ka karanta a 595. DTT da EDTA da Tris a irin adadin da ake sa wa bafar risefta ba su dame shi ba. Amma shi ma yana da nasa ciwon, kar ka ce ban faɗa maka ba. Ditajen ne maƙiyinsa, SDS da Triton, don haka duba takardar kit ɗin ELISA ɗinka, in ka sirka samfur da ruwan sirkin da ya zo cikin kwalin to kar ka ɗebi na auna furotin daga nan, ɗebi daga asalin ruwan niƙan. Ko sabulun da ya maƙale a gilashin da ba a ɗauraye da kyau ba yana iya ɓata maka rana, na ga bilanki ya yi shuɗi saboda wannan kawai. Layinsa kuma ba ya nisa yake lanƙwashewa, sai ka tsaya a inda ya miƙe. Kubet na roba za ka sa, kar ka kuskura ka ɗauko na kwaz ɗin sashenku, rinin zai kama shi a yi ta shari'a da kai.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa, BSA yana ba da launi a Bradford fiye da yawancin furotin, gama gulobulin bai kai shi ba, wato samfur ɗaya zai ba ka lamba biyu in ka canza sitanda. Ba laifi ba ne, amma ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi a tesis ɗinka kar ka sauya har ka gama. Kuma duk samfuran da ka riga ka yi da Lowry ka maimaita su, kar ka haɗa rabi Lowry rabi Bradford a tebur ɗaya, ranar difens za su cinye ka ɗanye.

Kar kuma wani ya ce maka ka ɗiga a na'ura ka karanta a 280 don sauri. Ruwan tsoka cike yake da DNA da RNA, suna shan haske a wajen, lambar ba ta da kan gado.

Sadiq_IdiAraba:
Anti Hauwa ngd sosai. Matsalar babu riyejen ɗin Bradford a sitonmu, in na rubuta a sayo kuma Allah kaɗai ya san ranar zuwansa. Baba in dole sai Lowry ɗin fa, akwai yadda za a raba furotin ɗin da bafar gaba ɗaya?

BabaSule_Agege:
Akwai, tsohuwar dabara ce, Peterson ya tsara ta a 1977. Mil ɗaya na samfur da ka sirka, ka zuba masa mil 0.1 na ditajen ɗin diyoksikolet mai ƙarfin kashi 0.15, ka bari minti goma, ka bi da mil 0.1 na TCA, asid ɗin da ke kwantar da furotin, mai kashi 72, ka juya minti 15 a wajen 3000 g. Furotin zai kwanta a gindin tub, wani lokaci ɗan fari-fari ne da ƙyar za ka gan shi, Tris da DTT da EDTA da gilisarol duk suna cikin ruwan sama. Ka tsiyaye a hankali ka kifa tub ɗin a kan takarda ya tsane, sai ka narka abin da ya kwanta ka ci gaba da Lowry ɗinka. Sitanda ma su bi ta wannan hanyar, don in akwai asara kowa ya yi ta tare. TCA yana cin fata, sa safar hannu.

Ko wacce ka bi, gwaji biyu nake so in gani. Sirka samfur ɗaya kashi biyu daban, ɗaya cikin goma da ɗaya cikin ashirin, in ka mayar da lissafi su haɗu. Sannan ka ƙara wa samfur BSA da ka san adadinsa ka ga ko zai dawo maka cif. Kuma lambobin nan na bincike ne ɗana, kar ko ɗaya ta shiga fayil ɗin mara lafiya.

MamanIlham:
Salamu alaikum, ku yi hakuri na shigo maganar da ba tawa ba, ni ba yar lab ba ce dinki nake a Agege, kanina ne ya turo min wannan ya ce in karanta. Gabana faduwa ya yi wlh da na ga lissafin Baba. Yayata aka yi wa aikin mama a wani asibitin kudi, suka ba mu abin da aka ciro a cikin wani bokitin roba da dan ruwa a kasa suka ce mu kai lab da kanmu, ranar juma'a ce ga go slow ga ruwan sama, muna isa an tashi, sai da muka koma da shi gida ya yi kwanakin karshen mako sannan aka karba. Rizal ya fito an rubuta ER negetib PR negetib, likita ya ce maganin hadiya na homon ba zai mata aiki ba sai kemo kawai. To yanzu dan Allah ko ita ma wannan sinadarin ne ya bata mata gwajin? Ina za mu dosa

DrZee_Surulere:
Wa'alaikis salam Maman Ilham, Allah ya ba yaya lafiya ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki tukuna, abin da su Sadiq ke tattaunawa bai taɓa gwajin yayarki ba. Tun shekarun 1990 asibitoci suka bar waccan hanyar ta niƙa da rabawa da furotin. Yanzu tsokar ake jiƙawa a fomalin, a daskarar da ita cikin kaki ta zama ɗan bulo, a fere ta siriri a ɗora a gilashi, a zuba maganin da ke kama ER ya rina cibiyar ƙwayar ruwan ƙasa, likitan fatoloji ya duba ya ƙiyasta kashi nawa suka rinu. IHC ake ce masa. Ba DTT ba Folin.

Amma ba zan ɓoye miki ba, labarin bokitin nan bai min daɗi ba, domin wannan hanyar ma tana da nata sinadarin da ke yanke hukunci, shi ne fomalin ɗin. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da na fatoloji na Amurka, ASCO da CAP, suka fitar a 2010 ta ce daga ciro tsoka zuwa shigarta fomalin kar ya wuce awa ɗaya, fomalin ɗin ya zama mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, ta zauna ciki daga awa 6 zuwa 72. Fomalin ba ya gudu, wajen milimita ɗaya yake ratsawa a awa, kuma yana ƙara nawa in ya yi ciki. Shi ya sa babbar tsoka ake tsattsaga ta kamar faɗin rabin santimita, a nutsar da ita cikin ruwan da ya ninka ta wajen sau goma. In aka jefa mama guda a bokiti da ɗan ruwa a ƙasa, a zafin Legas, bayanta zai kamu amma tsakiyar inda ƙarin yake tana nan tana ruɓewa, ER kuwa furotin ne mara juriya, ya lalace, gilashi ya fito fari a rubuta negetib. Haka in fomalin ɗin wanda aka sirka da ruwan famfo ne ya daɗe ya yi tsami, ko ma ruwan gishirin asibiti aka zuba. In ƙashi ne aka laushe da asid mai ƙarfi shi ma yana kashe rinin, shi ya sa aka fi son a laushe da EDTA, wanda Baba ke kuka da shi a can shi muke nema a nan.

Ban ce rizal ɗin yaya kuskure ne ba, akwai sankarar da negetib ce da gaske, kuma ba kaɗan ba. Abin da za ku yi ku koma wurin likitanta da tambayoyi. A takardar an rubuta ko lafiyayyun bututun mama da ke gefen ƙarin sun rinu? Su ne shaidar cikin gida, don a al'ada wasunsu suna da ER, in su ma sun fito fari tare da ƙarin to gwajin ne abin zargi, ƙa'ida ta ce a sake. Na biyu, an taɓa ɗibar tsoka da allura kafin aikin? In an yi, wancan ɗan siririn ya fi kamuwa da fomalin da wuri, a nemo bulonsa a gwada ER a kai. Kuna da damar neman bulon a kai wani lab a sake dubawa, ba rashin kunya ba ne. Ki gaya wa likitan labarin bokitin yadda kika faɗa mana nan. Kemo ɗin kuma kar a tsayar saboda ana jiran wannan.

Abin ya cancanci wahalar, domin ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka rinu fozitib ne, a gyaran 2020 ma sai aka ware daga 1 zuwa 10 aka ce fozitib mai rauni. Tamoksifen na shekara biyar yana rage mutuwa daga cutar da wajen kashi ɗaya cikin uku ga masu ER, ga shi ƙwaya ɗaya a rana, ya fi kemo araha nesa ba kusa ba. Kuma ba mu kaɗai abin ke samu ba, a lardin Newfoundland na Kanada tsakanin 1997 da 2005 an ba ɗaruruwan marasa lafiya sakamakon ER na kuskure, sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike.

Tunda ana maganar kutsen sinadari, in yaya na shan bitamin ɗin gyaran gashi da farce mai bayotin ku faɗa kafin a ɗebi jininta. Jiki maikurogiram 30 yake buƙata a rana, ƙwayoyin nan wasu miligiram 5 ne wasu 10, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka FDA ta yi gargaɗi a 2017 cewa yana karkatar da wasu gwaje-gwajen jini, wani ya hau wani ya sauka. Wannan na jini ne, bai shafi bulon ba.

Abba_Obalende:
Dakta amma ba an ce mu bakar fata dama yawancin tamu negetib ba ce? Ni haka aka koya mana, to kila ba laifin bokiti ba ne

DrZee_Surulere:
Malam Abba an koya mana haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya, nau'in da ba ER ba PR ba HER2 (risefta ta uku da ake dubawa) ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma a kan Turawa, kuma tamu tana zuwa da ƙuruciya. Amma dubi wannan. Binciken su Farfesa Olopade na 2009 a kan tsokar matan Najeriya da Senegal ya samu kashi 24 ne kawai masu ER. Na su Farfesa Adebamowo a Badun da ya fito a 2008, inda aka kula da yadda ake sarrafa tsokar tun daga ɗibarta, ya samu wajen kashi 65. Yanki ɗaya, kusan lokaci ɗaya. Da aka zo aka tattara binciken Afirka gaba ɗaya a 2014 sai aka ga masu amfani da tsofaffin bulo na ajiya sun fi samun ER ƙasa a kan masu tara sabuwar tsoka da tsari. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda maganar "ai tamu negetib ce" ta zama mafaka, rizal ya fito fari kowa ya gyaɗa kai, ba mai tambayar awa nawa tsokar ta yi a tire a tiyata kafin a tuna da ita. Kuma bai kamata a ce dangi ne ke yawo da ita a danfo ba tun farko.

MamanIlham:
Allah ya saka da alheri Dakta, ya raya zuri'a. Eh an taba dibar wani da allura kafin aikin, a wani wuri daban ne ma, takardar na wurin mijinta. Gobe in sha Allah zan je da kaina in nemo

BabaSule_Agege:
Allah ya ba ta lafiya 'yata. Sadiq, maganar Dakta ta shafe ka kai ma. Tsokar da ke firizarku awa nawa ta yi a waje kafin ta daskare, kuma sau nawa ta narke ta sake kamawa da aka ɗauke wuta? Ka nemi littafin firizar in akwai. Sannan ka lura da kalar ruwan niƙan, wanda ya fito ja jini ne a ciki, furotin ɗin jini kuwa zai shiga lissafinka alhali ba risefta a cikinsa, wannan ba Lowry ba Bradford da zai cece ka. Mu da muna share kitse da gudan jini a kan ƙanƙara kafin a niƙa. Wanda furotin ɗinsa ya gaza miligiram 1 a mil kuma ka sa masa alama, lambarsa ba abin dogaro ba ce.

Sadiq_IdiAraba:
Na dawo da rahoto. Na yi layi biyun da Baba ya ce, na bafa ya fara daga sama kuma ya fi kwanciya, ba su tafi kafaɗa da kafaɗa da na ruwa ba ko kusa, wato cire bilanki kaɗai da bai fitar da ni ba. Na kuma gwada kayan bafar ɗaya bayan ɗaya a tub daban, DTT ne ya yi shuɗin nan take tun ban gama girgizawa ba, Tris da gilisarol ɗan dishi-dishi, EDTA shi kaɗai kusan fari. Da sitanda cikin bafa furotin ɗin ragowar ruwan niƙan da nake da shi ya sauko ya dawo inda hankali zai ɗauka, amma sirki biyun ba su haɗu sosai ba, na ɗaya cikin goma yana ɗan fin na ashirin. TCA akwai a sito, diyoksikolet ne babu. Samfura masu jan ruwa kuma akwai su Baba, na ware su gefe. Littafin firiza an ce yana wurin wanda ke riƙe da makulli, ina bibiya.

Hauwa_Biochem:
Rashin haɗuwar nan saura kutse ne, kar ka rufe ido a kansa. Ina da Coomassie G-250 na gari da ɗan diyoksikolet, Bradford ɗin ma haɗa shi za ka yi da kanka, miligiram 100 na rinin cikin mil 50 na etanol, ka ƙara mil 100 na fosforik asid mai kashi 85, ka cika lita da ruwa ka tace, ka ajiye a kwalba mai duhu. Ranar Asabar ina Yaba da rana, ka min magana ta inbox mu haɗu ka karɓa, ka yi hanyoyin biyu a kan samfura kaɗan ka ga ko za su yarda da juna.

Kuma kafin nan koma ka karanta takardar da ka kwafo bafar, wasu tsofaffin haɗin suna da sodiyom azaid a ciki, shi kuma yana kashe enzayim ɗin feroksides da yawancin kit na ELISA ke aiki da shi. DTT mai yawa ma yana iya taɓa antibodi ɗin. Turo min hoton shafin kit ɗin inda suka jera abin da samfur zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba.

Sadiq_IdiAraba:
Ba azaid a tawa Anti, na duba. Shafin kit ɗin zan ɗauka da safe in na shiga, yanzu an kulle lab ɗin.